Ƙullin Baba Manu da Ɓeraye Shida

Ku ajiye ledar nan a bakin ƙofa tukuna, ku zauna. Na ji abin da ya kawo ku. Kun sayo garin magani a kasuwa, mai shi ya ce na farfaɗiya ne, kuna so in nuna muku yadda za ku jiƙa, ku ba ɓeraye, ku rubuta, ku miƙa wa malaminku kafin hutu. Wancan mai tabarau har yana cewa mako biyu ya isa. Na yi shekara talatin da ɗoriya a ɗakin gwajin magunguna kafin in dawo gida Birnin Kudu in zauna, ban taɓa ganin aikin da aka gama cikin mako biyu ba sai wanda aka zuba ƙarya a cikinsa.

Ranar da na fara aiki a Kano na je da riga mai guga, ina zaton za a ba ni farar kwat da kwalba. Malam Isiyaku, wanda shi ne babba a ɗakin dabbobi, tsintsiya ya miƙo mini da bokiti. Wata shida ina wanke keji, ina canza dusar katako, ina cika kwalaben ruwa. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce wanda bai san lafiyayyen ɓera ba, ta yaya zai gane wanda magani ya taɓa? Gaskiyarsa. A wata shidan nan na san yadda ɓera yake wanke fuska in yana cikin daɗi, da yadda gashinsa yake tashi in ciki ya dame shi, da wanda ya lafe a kusurwa don barci da wanda ya lafe don ciwo.

Riƙe ɓera kaɗai ya ci mini makonni. Za ka kama wutsiya, ka ɗora shi kan murfin keji ya riƙe wayar da ƙafafunsa, sai ka ɗauki fatar wuyansa da yatsa biyu, ka naɗe wutsiyar da ƙaramin yatsa. In ka matse, ya suma a hannunka. In ka sassauta, ya juyo ya ba ka haƙori. Ga tabon nan a babban yatsana, ku duba. Bayan haka sai sikeli, domin kowane ɓera da nauyinsa ake auna masa magani, sai alamar tawada a wutsiya don kada ka yi wa ɗaya allura biyu ka bar ɗan'uwansa.

Shi gwajin ga yadda yake. Saiwa ko ganye za ka shanya a inuwa, ba a rana ba, har ya bushe ƙayau. Ka daka, ka tankaɗe, ka jiƙa cikin sifirit kwana uku kana girgizawa, ka tace, ka ɗora kan ruwan ɗumi har ruwan ya tafi ya bar wani baƙin abu mai danƙo kamar maɗi. Kafin ka nemi amfaninsa sai ka fara neman gubarsa, ka san iyakar da in an wuce ta zai kashe. Daga nan ka raba ɓeraye shida-shida. Kashi ɗaya ruwan gishiri kawai za a ba su. Kashi ɗaya a ba su sanannen maganin asibiti, mu fenobabiton muke amfani da shi, 'yar farar ƙwayar nan da ake ba masu farfaɗiya. Sauran a ba su naka na itace, wasu kaɗan, wasu da yawa. Bayan rabin awa sai ka yi wa kowa allurar wani sinadari mai tayar da farfaɗiya, ka danna agogo, ka zuba ido. Ba a ɗaga kai, ba a amsa sallama. Na ruwan gishiri za ka ga kunne ya fara rawa, wutsiya ta miƙe, jiki ya ɗauki karkarwa, ƙafafun baya su sanƙare. Ba abin sha'awa ba ne, kuma duk wanda na ga yana dariya a wurin nan korarsa nake yi. Rai ne kake sa wa ciwo da hannunka, shi ya sa ba a ƙara ko ɗaya a kan adadin da aka yarda maka, ba a kuma maimaitawa don sakaci.

Amma duk wannan ba shi ne abin da Malam Isiyaku ya fi tsanantawa ba. Dokarsa ɗaya ce: ba a karɓar gari. Sai ka je da ƙafarka ka ga itacen a tsaye, ka ciro ganye da fure ka danne tsakanin jaridu, masu sanin tsirrai su tabbatar da sunansa, ka haƙo saiwar da hannunka. Shekara goma sha ina bin dokar nan, ina yawo da fartanya da buhu daga Kiyako har duwatsun Gwaram, domin ni aka fi aikowa wannan ɓangaren tunda gida ne. Sau ɗaya tak na karya ta, bayan Malam Isiyaku ya yi ritaya.

A shekarar akwai wata ɗaliba, Malama Rakiya, tana digiri na biyu. Mace mai natsuwa, ba ta da ƙyamar ɓera irin ta wasu. Ta ji labarin wani tsoho a wani ƙauye kusa da Maruta, Baba Manu, wanda aka ce maganinsa na farfaɗiya yana ci. Da ta faɗi sunan sai na yi murmushi, don na san shi tun ina yaro. Abokin mahaifina ne, tare suka yi fataucin shanu. Na ce mata ta bar mini wannan.

Na sauka daga bas a Gwaram, na hau babur. Ƙarshen damina ne, dawa ta rufe hanya, muna tafe ganye yana marin fuska. Baba Manu ya karɓe ni kamar ɗansa. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiya, matarsa Inna Dije ta damo fura da kindirmo, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifina addu'a mai tsawo. Sai da rana ta yi sanyi na kawo maganar, na ce so nake ya kai ni in ga itacen.

Ya ja gemunsa. Ya ce, "Habu, itacen nan kakana ne ya nuna wa babana, babana ya nuna mini. Ba a kai wanda ba ɗan gida ba gindinsa. Ko ita Dije da take daka shi, saiwa take gani, ba ta san inda nake haƙowa ba. Amma kai ba zan mayar da kai hannu rabbana ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙulli babba, garin magani launin ƙasa, ya sa mini a hannu. Ya ƙi karɓar ko sisi.

To ku gaya mini, mutumin da ya goya ka a wuya kana yaro, furarsa tana cikinka, yaya za ka dube shi ka ce ba ka yarda da garinsa ba? Kunya ta rufe mini baki. Na ce wa kaina ai saiwa ce dai aka daka, mene ne bambanci. Na koma Kano na rubuta a littafin aiki cewa saiwa na kawo, ban rubuta cewa a dake na karɓo ta ba. Malama Rakiya ta tambayi ganyen da za a kai a tantance, na ce zan kawo a zuwa na gaba.

Ranar gwajin ba zan manta ta ba. Na ruwan gishiri duk suka faɗi, kamar yadda aka saba. Na fenobabiton ba wanda ya faɗi, shi ma kamar yadda aka saba. Sai muka zo kan shidan da aka ba maganin Baba Manu mafi yawa. Na danna agogo. Minti biyar, goma, ashirin, talatin. Ko kunne ba wanda ya kaɗa. A duk shekaruna ban taɓa ganin itace ya tsare shida cikin shida ba. Yawanci in ya jinkirta faɗuwar da 'yan mintuna, ko ya tsare biyu, mun gode Allah. Malama Rakiya ta zauna a kan kujera tana ta hamdala, ni kuwa ƙirjina ya cika, kamar ni na halicci itacen.

Da wannan alfahari na taho gida ƙarshen mako, aka yi sa'a ko rashinta ana suna a unguwarmu. Ana cikin hira wani direba mai jigila tsakanin nan da Basirka ya ce, "Malam Habu, an ce an gan ka wajen Baba Manu. Yaya, maganin nasa da gaske ne?"

Na ce, "Mun gwada. Shida muka ba, shida ba wanda ya faɗi."

Ban ce ɓeraye ba ma. Ko da na ce, ba na jin da ta canza wani abu. Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, abin da ake faɗa a tasha shi ne likitocin Kano sun auna maganin Baba Manu da na'ura ya fi na asibiti. Ni ba likita ba ne, amma a ƙauye duk wanda ya taɓa sa farar kwat likita ne.

Mu kuwa a ɗakin gwaji muna ci gaba. Akwai gwajin sanda, wata siririya da muke gittawa tsakanin tebur biyu, ɓera ya bi ta kai ya koma kejinsa, don a ga ko maganin yana kashe jiki. Ɓerayen Baba Manu suka riƙa zamewa. Wannan bai dame ni ba sosai, itatuwa da yawa suna sa maye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin barcinsu. Na tsaya tsakanin keji biyu, na fenobabiton a dama, na Baba Manu a hagu. Kwanciya iri ɗaya, gefe ɗaya, ƙafa a sake, numfashi a hankali, kuma kusan tare suke farkawa. Na ɗauko ragowar garin na zuba cokali ɗaya cikin ruwa na motsa, na bar shi ya kwanta. A ƙasan kofin, ƙarƙashin launin ƙasa, akwai wani farin abu mai laushi kamar alli. Saiwa ba ta barin wannan.

Na kira Malama Rakiya na gaya mata gaskiya, cewa gari na karɓo, ban ga itace ba. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka ɗauko ɗan farantin gilashi mai farin shafe, muka ɗiga maganin Baba Manu a gindinsa, muka ɗiga fenobabiton kusa da shi, muka tsayar cikin kwalbar sinadari. Ruwan yana hawa yana jan abin da ke ciki, kuma kowane sinadari yana da inda yake tsayawa. Da muka haska fitila sai ga tabo biyu a layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Muka sake sau uku. Aikinta na watanni ya tashi a banza, da ɓerayen da muka wahalar.

Washegari na kama hanyar Maruta da fushi, na riga na yanke wa tsoho hukunci a zuciyata. Na same shi yana gyaran igiyar shanu. Da na gaya masa akwai ƙwayar asibiti a garinsa, sai da igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Ni? Ni zan zuba ƙwayar Bature a maganin ubana? Habu, don mahaifinka ba ya raye kake gaya mini wannan?"

Ya tashi ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Abin da ya hana ni don al'ada, ranar ya yi shi don ɓacin rai. Muka yi tafiya mai nisa har gindin wani dutse, ya nuna mini itacen, ya haƙo saiwar da kansa yana huci, ya ce in kai in auna. Ba zan gaya muku sunan itacen ba, don na san halinku, gobe wani zai tafi da fartanya. Tun a wurin na gane tsohon nan bai san komai ba.

Da muka dawo ya shiga alwala, sai na ji an kira ni a hankali daga bayan zana. Inna Dije ce, tana tsaye kusa da turminta.

Ta ce, "Ɗan nan, kada ka ɗora masa. Ni ce."

Na ce, "Inna, ke kuma? Me ya kai ki?"

"Shekara nawa ina daka saiwar nan, ina ganin mutane suna karɓa suna dawowa da goshi a fashe. Jikata da aka kai asibiti aka ba ta 'yar ƙwayar nan, ta daina faɗuwa ɗif. Sai na ce to me zai hana? In na kai man shanu kasuwa sai in biya kemis in sayo, in daka tare. Tun daga nan ba wanda ya dawo da kuka. Shi ma maigidan nawa sai ya riƙa tafiya da ƙarfinsa. Na ɗauka taimako nake yi."

Na tambaye ta ƙwaya nawa take zubawa. Ta nuna mini tafin hannunta. Wato wani ƙullin ya samu da yawa, wani kaɗan, yadda taɓarya ta raba. Ta ce ta kusa shekara biyu tana yi.

Ashe Baba Manu yana tsaye da butarsa yana ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta kawo ragowar ƙwayoyin, ta kawo, ya zuba su a masai. Ya kwaso duk ƙullin da aka daka ya watsa a juji. Ya ce daga yau shi zai riƙa daka abinsa da hannunsa, tsohon da ko ɗaga taɓarya da ƙyar yake yi. Har ya gode mini, ya ce na wanke masa gida. Na hau babur ina jin na gyara ɓarnar da na yi.

Wannan ranar Alhamis ce. Sai ranar Litinin na shiga ofishin malamin da ke duba aikin Malama Rakiya, wani likita dattijo, na ba shi labarin tun daga farko. Ina jiran faɗa a kan littafin da na rubuta ba daidai ba. Bai ma bi ta kansa ba. Ya cire tabarau ya ce, "Tsaya. Shekara biyu mutane suna shan fenobabiton kullum ba su sani ba. Yanzu kuma tun Alhamis duk wanda ya zo, saiwa zalla ake ba shi?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "Malam Habu, ka san abin da ke faruwa in aka yanke wa mutum ƙwayar nan rana ɗaya? Ba a yanke ta haka. Cikin 'yan kwanaki ciwon zai dawo fiye da da, yana iya kama mutum ya ƙi saki. Mutum nawa ne?"

Na san wannan. Wallahi na sani, na sha karantawa a jikin kwali, na sha faɗa wa ɗalibai. Amma ni a kaina gari nake gyarawa, ban tuna da masu shansa ba. Garin gyaran gira na kusa tsone ido. Ban san lokacin da na fita daga ofishin ba. Likitan ya biyo ni da 'yan ƙwayoyi da takarda zuwa ga wani abokin aikinsa a asibiti a nan Birnin Kudu, cewa duk wanda na kawo a duba shi a ɗora shi kan ƙwaya da awo.

Baba Manu ba ya rubuta sunan kowa, ba shi da littafi. Inna Dije ce littafin. Ta zauna tana lissafawa da yatsu, gida-gida: matar mai shayi a Basirka, yaran wane su biyu, wani tela a Kiyako, har ta kai goma sha ɗaya. Ƙullin wata guda ake ba kowa, saboda haka masu tsohon ƙulli suna da sauran kwana. Waɗanda suka karɓi sabo daga Juma'a su ne a bakin rami, su huɗu.

Na ce, "Baba, ni kaɗai in na je ba za su saurare ni ba. Ni ne fa na ce an gwada ya ci. In na dawo na ce su tafi asibiti, cewa za su yi asibiti ne ya saye ni. Sai kun faɗa da bakinku."

Ya dube ni. Abin da nake nema shi ne ya bi gida-gida ya ce maganin da ya gada, wanda ake yi masa kirari da shi, ba shi ne yake aiki ba. Can ya ce, "Suna ai ba ya shiga kabari da mutum. Ɗauko babur."

Kwana biyu muna yawo, mai babur a gaba, tsoho a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi. Duk gidan da muka tsaya gabana sai ya faɗi kafin a amsa sallama, ina sauraron ko zan ji kuka. Shi kuwa ko'ina magana ɗaya yake yi, ba ya ragewa, bai kuma taɓa ambaton matarsa ba. Cewa yake, "An samu ƙwayar asibiti a maganina. Ita ce take riƙe da ku. Ku bi yaron nan." Wata mata ta ce mana mun haɗa baki. Wani ya ce shi dai a ba shi irin na da. Matar mai shayi mun tarar ta riga ta faɗi sau biyu da safe, muka sa ta a mota nan take. Zuwa yammacin Laraba mun samu goma.

Na goma sha ɗayan shi ne Sa'idu, makiyayi, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma yana cikin huɗun nan. Labarinsa ya fi ci mini rai, don shi da ba ya cikin masu zuwa wajen Baba Manu. Shekara da shekaru yana zuwa asibiti nan Birnin Kudu duk wata yana karɓar ƙwayarsa, lafiya lau, har ya manta rabonsa da faɗuwa. Da ya ji a tasha cewa an gwada na Baba Manu, sai ya ga ga magani kusa da gida, ya huta da doguwar tafiya. Ya bar na asibiti, ya koma shan na Baba Manu. Ranar Juma'a ya karɓi sabon ƙulli, ya kora shanu da ƙaninsa suka nufi duwatsu ta kudu, don a kauce wa gonaki kafin a yi girbi. Matarsa ta ce wayarsa ba caji, kuma ba ta san takamaiman inda suka sauka ba.

Baba Manu ya gaji, ƙafafunsa sun kumbura, muka bar shi a gida. Ni da mai babur muka shiga daji ranar Alhamis da sassafe. Inda babur ya ƙi, mu tura. Duk rugar da muka gani sai mu tsaya. "Kun ga Sa'idu, mai farin bijimi mai karyayyen ƙaho?" Wannan ya ce shekaranjiya sun wuce, wancan ya ce sun gangara rafi. Ina tafe ina ƙirga kwanaki a zuciyata, Juma'a, Asabar, Lahadi, har bakwai, ina kuma ƙirga abubuwan da makiyayi yake tsayawa kusa da su: rafi, rijiya, gefen dutse, wuta. Ƙwayoyin da likita ya ba ni suna aljihuna cikin takarda, na taɓa su ya fi sau ɗari.

Wajen azahar muka hango shanun a gindin wani dutse, ga farin bijimin. Mutum ɗaya ne tare da su, kuma ba Sa'idu ba ne, wani maƙwabcinsu ne da aka bar wa tsaro. Ya ce jiya da safe Sa'idu yana tsugune yana dafa shayi, ƙaninsa ya tafi tatsa, abin ya kama shi. Ya faɗa kan murhu, hannun dama cikin garwashi. Kafin ƙanin ya ji motsi ya rugo an ɗan jima. Kuma jijjigar ba ta sake shi ba, tana lafawa tana dawowa, har suka samu amalanke suka fitar da shi titi.

Ashe muna shiga daji ta wannan hanya, shi yana kwance a asibitin garinmu, tafiyar minti goma daga ƙofar gidana.

Na same shi washegari ya farfaɗo, hannun a naɗe har gwiwa. Ya gane ni. Ya yi ƙoƙarin tashi zaune don ya gaishe ni, na ce ya kwanta. Na zauna na gaya masa komai, ƙullin da na karɓa, maganar da na yi a wurin suna, ƙwayar da aka zubar. Yana saurare yana kallon silin. Da na gama ya ce, "Allah ya riga ya rubuta, Malam. Ni dai da na ji an ce ku ne kuka gwada, shi ya sa na saki jiki."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Bayani yake yi mini, don kada in ɗauka shi mai wasa da magani ne.

Ya rayu, ya koma kan ƙwayarsa, bai sake fashi ba. Amma yatsu uku sun manne, ba ya iya tatsa, ba ya iya riƙe sanda da dama. Shanun ƙaninsa ne yake bi da su yanzu, shi yana 'yar tireda a Gwaram. Saiwar da Baba Manu ya haƙo mini mun gwada ta daga baya yadda ya kamata, ta ɗan jinkirta faɗuwa a wasu, ba ta tsare ko ɗaya ba. Haka Malama Rakiya ta rubuta, ta ƙara shekara guda kafin ta gama.

Sa'idu yana zuwa garin nan duk wata karɓar magani, kuma ba ya komawa sai ya biyo ta nan mun gaisa. Hannun hagu yake miƙo mini. Kullum kuma sai ya ce, "Ka yi haƙuri da hagun, Malam."